Mutumin da Bai Yi Miki Sallama Ba

Boɗinga, ranar Asabar da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu, wadda nake kira Uwata tun ranar da aka raɗa mata sunan mahaifiyata. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya tsare motarku daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya sa ki tarar da goggonki da iyalinta cikin alheri. Ki gaishe su da kyau, ki ce ina nan tafe idan gwiwa ta bar ni.

Na ba innarki takardar, na ce ta sa miki ita cikin jaka a bisa kwamfutarki, yadda ba za ki ɗauko wannan ba sai kin ɗaga waccan. Ban iya magana da ke baki da baki ba, kin sani, ni ma na sani. Sau biyu a makon nan na kira ki, sau biyu bakina ya bi tsohuwar hanyarsa, kika tashi kina share ido, ni kuma na zauna ina jin haushin kaina. Na gaji, Uwata. Na gaji da faɗan da ba ya gyara kome, shi ya sa na ɗauko biro, ko shi zai fi ni haƙuri.

Maganar ranar Talata ce ta hana ni sakat. Bari in maimaita ta yadda na gan ta, idan na yi kuskure ki gyara mini, ai ke ce mai ilimin abin.

Kin yi wata da watanni kina rubuta manhajar nan da za ta haɗa manoman albasa da masu motocin ɗauka, makiyaya kuma da malamin dabbobi. Ni na goya ki a babur muka bi Danchadi da Dandin Mahe gida gida, ina sallama ina cewa ɗiyata ce, ku ba ta. Suka ba ki sunayensu da lambobin wayarsu, da inda ajiyarsu take, da yawan abin da ke garkensu. Abin da mutum ba ya faɗa wa surukinsa a wannan zamani, sun faɗa miki saboda farin gemuna. Da manhajar ta fara yi miki gardama, tana tsayawa ba dalili, sai kika ɗora rubutunta a zauren nan na intanet inda masu irin aikinku suke taruwa daga ko'ina, kowa ya duba na kowa. Kin ce mini haka ake yi, ba abin kunya ba ne. Bayan la'asar kika fito da kwamfutar gindin darbejiya kina murna an amsa, kika ce bari ki karanta ki fassara mini, tunda Turancina na firamare ba ya ɗaukar na yaran yanzu.

Na farkon 'yan dariya ne. Wani ya tambaya ko albasar ce ta rubuta da kanta, wani ya ɗora hoton akuya da tabarau, sauran suka bi shi yuu. Kika yi yaƙe kika wuce. Sai ga wani mai ladabi. Ya fara da gaisuwa, ya kira ki 'yar uwa, ya yaba ƙoƙarinki, sannan ya ce shawara zai ba ki tsakani da Allah: wannan aiki ba na kowa ba ne, akwai kan da aka halitta dominsa, gara ki nemi abin da ya dace da ke tun da sauran lokaci. Ya rufe da fatan alheri.

Na ƙarshen kuwa babu sallama, babu gaisuwa. Ya tambaya wane sakarai ne ya koya miki aiki. Ya ce kin bar mabuɗin rumbun bayananki a fili cikin rubutun, ya faɗi lambar layin, ya ce duk wanda ya ga dama zai iya shiga ya kwashe sunayen mutane. Ya ce goge abin da kika ɗora ba zai wadatar ba, sai kin sauya mabuɗin, domin wanda ya gani ya riga ya gani.

Kika toshe shi tare da masu hoton akuya, kika rubuta wa mai ladabin godiya, kika goge abin da kika ɗora, kika rufe kwamfutar. Na ce miki, "Uwata, shi wanga na ƙarshe, gaskiya yah hwaɗi?" Kika ce, "Baba, ba ka ji abin da yac ce man ba? Ko sallama bai yi ba." Na ce, "Na jiya. Amma gaskiya ta?" Kwana huɗu ke nan ba ki buɗe kwamfutar ba, sunayen mutanen da na kai ki gidajensu kuwa suna nan bayan ƙofar da kowa ya ga mabuɗinta. Ban san kan manhaja ba, amma na san idan mabuɗin shago ya faɗi a kasuwa, kwaɗon ake sauyawa.

Ba zan yi miki faɗa ba, don abin da kika yi ni na fara yin sa, kuma na yi shi da gemu.

Kina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare lokacin da na ajiye aikin koyarwa na karɓi fadamar mahaifina a Danchadi. Shekara talatin ina riƙe da alli, na ɗauka fartanya ma za ta miƙe tsaye idan na shigo. A bakin tasha akwai bencin mai shayi, shugaban bencin kuwa wani Ɗan Ige ne, mutumin da ban taɓa gani da laka a ƙafa ba. Duk safiya idan na zo wucewa sai ya ɗaga murya: "Hedimasta! Ka kira masu suna da sahe? Albasa nawa ab ba ta zo ba yau?" Benci ya kwashe da dariya. Ina haɗiyewa, amma kafin in isa gona zuciyata ta cika fal.

Albasar shekarar farko ta yi kai, masha Allah. Na yi ta ba ta ruwa har jajibirin cira don ta ƙara nauyi, na yanke ganyen a ranar, na zuba ta a rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da muke ɗagawa bisa sanduna don ajiya. Ina tsaye ina kallon rudun ina jin kaina, sai ga wani tsoho gajere ya ratso ta gonar maƙwabcina. Daga baya na ji sunansa Bawa, daga Dandin Mahe, ya zo duba irin albasa ne wurin wani. Bai yi mini sallama ba. Ya sunkuya ya cusa hannu cikin rudun har gwiwar hannu, ya zaro ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya tsattsafo.

Ya ce, "Wane jaki yaz zuba wagga albasa nan ciki?"

Na ce, "Ni na."

Ya ce, "Tau kai na jakin. Ka ba ta ruwa har ranar cira, ka yanke ganye kahin wuya shi bushe. Hid da ta yau, ka baza ta inuwa, ka ware masu kaurin wuya ka kai kasuwa. In ka bari tay yi kwana bakwai hakanga, ko awaki ba su shinshina ta."

Ni da yara suke durƙusawa idan na wuce, ni aka kira jaki a gonar ubana. Na ce masa, "Bawan Allah, garinku ba a sallama?" Ya ce, "Na baro ta gida, gobe in kawo ma." Ya jefa albasar gabana ya yi gaba. A raina na ce wannan ma ɗan bencin Ɗan Ige ne, sai dai shi ya biyo ni har gona. Na yi biris da maganarsa, har na ƙara ciyawa a bisa rudun don in nuna masa ban ji ba.

Kin tuna warin. Ba sai na tuna miki ba, ke da ƙannenki kuka taya ni kwasa a baro muna kaiwa rami, kuna ɗaure da gyale a hanci. Innarki ruwan wanka kawai ta ajiye mini, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Aikin rani guda ya tafi, ba don ba a gaya mini ba.

Na daɗe ina juya abin kafin in ga bambancin da ke gaban idona tun farko. Ɗan Ige bai taɓa taka gonata ba. Da albasata ta yi kyau da ta ruɓe duk ɗaya ne a wurinsa, maganar da zai faɗa ita zai faɗa. Bawa kuwa ya sa hannu a ciki. Ya nuna mini wurin, ya faɗi dalili, ya faɗi abin yi, kuma abin da ya faɗa ina iya gwada shi da yatsana a nan take, da girman kai ya bar ni. Don haka idan magana ta zo miki a zauren nan, ki fara dubawa ko mai ita ya taɓa aikin. Wanda ya ambaci layi ya karanta, ya kashe lokacinsa a kan abinki. Ki ajiye zagin gefe ɗaya tukuna, ba inda zai je, ki tafi layin ki danna ki ga ko ruwa zai fito.

Kada ki ɗauka cewa nake duk mai zafin baki mai gaskiya ne. Da wata shekarar ta zagayo na bi Bawa har Dandin Mahe da goro, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Ashe shi ya ma manta da ni. Da na tuna masa, abin da ya tambaya kawai shi ne ko bana na bar wuyan ya bushe. Na koyi abu da yawa a wurinsa, amma shi ma ya taɓa rantse mini cewa wani iri ba zai yi a ƙasarmu ba, na gwada a komi biyu, 'yan fangalin nan na ban ruwa, ya yi. Da na nuna masa ya duba ya ce, "Tau, na yi kure," ya roƙi irin. Har ya bar duniya bakinsa bai yi laushi ba, kuma ban taɓa jin daɗin zagin ba. Ba dole ne ki so mutumin nan na zaurenku ba, ba dole ne ki yarda da shi ido rufe ba. Gwadawa ce kawai dole.

Kuskurena na biyu ya fi na farkon ban kunya, don shi ba albasa ya ci mini ba, kwanakina ya ci. Bayan ruɓewar nan na ɗaura aniyar sai na rufe bakin Ɗan Ige. Ina tafe a babur ina shirya amsar da zan ba shi, ina ban ruwa ina gyara ta, wani lokaci ruwa ya cika komi ya ɓalle ina can ina gardama da mutumin da ba ya wurin. Idan na ba shi amsa mai kyau ya juya ta ta zama abin dariya, idan na fusata kuwa ranar salla ce a bencin. Da albasar shekara ta biyu ta yi, na zaɓi wadda ta fi girma na kai masa har benci, ni tsohon banza, na ajiye gabansa. Ya ɗaga ta ya juya, ya dubi jama'a ya ce, "Hedimasta ya iya saye. Wace kasuwa?" Ya miƙa wa mai shayi ya ce a soya masa ƙwai da ita.

A ranar na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Idan Ɗan Ige yana magana ba ni yake kallo ba, fuskokin 'yan benci yake bi ɗaya bayan ɗaya ya ga wa ya dara. Ni dai abin da ake jefawa ne. Tun daga nan na koma ɗaga hannu in wuce, bai yi wata ba ya samu wani. Masu hoton akuya haka suke, junansu suke yi wa wasa, kuma duk amsar da kika ba su kin ƙara masu na gobe. Idan kin rasa gane mutum, tambaya ɗaya ta isa: a wane wuri ne, kuma me zan gyara? Mai son gyara zai amsa ko da da tsaki ne. Ɗayan zai sauya magana ya koma kan garinku ko kan kasancewarki mace. Daga nan kada ki ƙara masa ko harafi. Idan ya kai ga zagin iyaye ko barazana, kin ce mini zauren yana da masu kula da shi, ki kai masu ki ci gaba da aikinki.

Yanzu na zo kan wanda ya fi damuna, mai ladabin nan da kika yi wa godiya. Na san shi, Uwata. Ban san sunansa ko ƙasarsa ba, amma na zauna da irinsa a tabarma ɗaya.

Kina goye a lokacin, ina shugabantar wata firamare a wani ƙauye kusa da Shagari. Na lura matan ƙauyen da yawa suna karanta ajami tsaf, boko ne ya gagare su, ko takardar asibiti sai sun nemi mai karanta masu. Sai na zauna na tsara ɗan littafi da hannuna, wanda zai ɗauki mace daga harafin da ta sani ya kai ta ga wanda ba ta sani ba. Damina biyu ina yin sa. Na ɗaure shi da zare na kai wa wani babba a cikinmu, Malam Ladan, mutum mai fara'a da turare, wanda idan ya gaishe ka sai ka ji kamar an naɗa ka. Ya karɓa hannu biyu, ya ce in ba shi mako guda.

Da na koma ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka kawo fura, ya tambayi gida har da awaki. Sannan ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, wanga ƙoƙari na, wallahi ƙoƙari na. Sai dai irin wanga aiki akwai masu shi can birni, waɗanda anka koya ma. Kak ka ba da kanka ga masu dariya. Don ina ƙaunarka nika hwaɗa ma, wani ba ya hwaɗi." Na ji kunya ta rufe ni, na ce lalle Allah ya rufa mini asiri da ban kai wani wuri ba. Na yi godiya har da durƙuso, da salla ta zo na aika masa da zabi biyu. Na zo gida na jefa littafin ƙasan akwati.

Sai bayan shekaru, bayan Bawa, wata rana ina neman takardun gona na ci karo da shi, gara ta cinye rabi. Zaren yana nan da ƙullin da na yi masa da hannuna, irin ƙullin da nake yi wa takardun jarrabawa. Malam Ladan bai taɓa buɗe shi ba. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi. Wataƙila littafin ba shi da kyau, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don ba wanda ya duba. Matan nan da yawansu sun tsufa ba su karanta takardar asibitinsu ba, ni kuma ban sake rubuta wani abu mai tsawo ba sai wannan da ke hannunki.

Ki koma ki tuno maganar mai ladabin, ki nemo mini wuri ɗaya da ya taɓa aikinki. Da kika fassara mini ban ji ba. Kanki ya yi magana a kai, da abin da aka halitta ki dominsa, kamar yana wurin ranar da aka yi. Abin da ya ce ba shi da layin da za ki je ki gwada, ba shi da abin gyara, abu ɗaya ya bar miki ki yi, wato ki daina. Kuma na ji kina gaya wa innarki cewa idan kin je Kaduna za ki nemi a sauya miki fannin karatu a makarantarku. Masu hoton akuya ba su iya kai ki nan ba, shi ya kai ki da gaisuwa.

Laifin tarbiyyarmu ne ta wani gefen, kuma ni na ba ki ita. Mu a nan gaisuwa muke fara aunawa. Na koya maku wanda bai yi sallama ba kada a amsa masa, wanda ya girmama ku ku saurare shi, kuma ban janye ba, a ƙofar gida haka ya kamata. Amma zauren naku ba ƙofar gidanmu ba ne. Akwai wanda a garinsu ba a san doguwar gaisuwa ba, akwai wanda ya gaji, ya ga kuskure iri ɗaya sau ba adadi, akwai kuma marar tarbiyya kawai wanda Allah ya ba ido. Ke dai kada ki zama irinsu. Ranar da wani ƙarami zai ɗora nasa, ki yi masa sallama sannan ki nuna masa layin, biyun ba sa faɗa da juna.

Saura ɗaya, ita na yi ta kewayewa tun farkon takardar.

Kina aji huɗu a makarantata. Malamai sun fara ƙus-ƙus cewa ɗiyar hedimasta ba ta faɗuwa jarrabawa don ɗiyar hedimasta ce, maganar ta dawo kunnena. Wata rana malamin lissafinku bai zo ba, na shiga ajin da kaina, malamai biyu suna tsaye bakin taga. Na ba ku lissafin rabawa mai tsawo. Kika riga kowa gamawa, kika kawo da gudu kina murmushi. Na duba, na ga wurin nan take: a layi na uku kin manta ba ki sauko da sifiri ba, duk sauran daidai ne, hanyarki ma ta fi ta littafi gajarta. Da na sa yatsa a wurin da kin gyara kafin in ɗauke hannu. Sai na dubi taga. Na ja jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan, na ɗaga littafin sama na ce, "Ku dubi aikin ɗiyar hedimasta." Aji ya kwashe da dariya, malaman ma suka murmusa, ni kuma na ji na wanke kaina.

Ba ki yi kuka ba, ba ki kuma tambaye ni inda kuskuren yake ba. Da rana kika kawo mini abinci kika durƙusa kika ce, "Sannu da aiki, Baba." Tun daga ranar ba ki sake kawo mini littafinki da gudu ba, kuma tun daga ranar idan murya ta ɗaga sai ki rufe littafi ki rufe kunne gaba ɗaya. Ranar Talata da na ga hannunki ya sauke murfin kwamfutar nan, na gane hannun. Ina ta ba ki labarin Ɗan Ige kamar wani ne can, alhali a ajin nan ni ne shi, kuma ke ba ki da babur ɗin da za ki hau ki wuce. Ki yafe mini, Uwata. Na daɗe ina so in faɗa, bakin ne ba ya buɗuwa.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ki kwance kaya, kafin goggonki ta cika ki da tuwo da tambaya, ki buɗe kwamfutar ki duba maganar mutumin nan marar sallama. Idan ƙarya ya yi, ki kira ni ki ce Baba ƙarya ne, in samu in huta. Idan gaskiya ne ki sauya mabuɗin a ranar, ki duba ko wani ya riga ya shiga, ki gaya mini ko da amsar ba ta da daɗi. Shi kuwa ki cire toshewar da kika yi masa, ki rubuta masa layi biyu: na gyara, na gode, kalmar da ka kira ni da ita ba ta dace ba. Abin da zai yi da su ruwansa.

Zan jira ki zuwa Juma'a. Idan aka sallame ban ji daga gare ki ba, zan miƙe a masallacin Danchadi in gaya wa mutane da bakina cewa sunayensu da abin da ke garkensu wataƙila suna hannun da ba mu sani ba, kowa ya yi dabarar kansa, washegari in tafi Dandin Mahe in maimaita. Ba barazana nake miki ba, haƙƙinsu ne, da fuskata suka ba da. Ba zan ambaci sunanki da laifi ba. Zan ce ni na kawo ta gidajenku, kuma ni na koya mata toshe kunne tun tana aji huɗu.

Na san kin goge kome, wataƙila kin manta lambar da ya faɗa. Ni ban manta ba. Kina karantawa na rubuta ta da biro a tafin hannuna, na mayar da ita bangon littafin addu'ata kafin alwalar magariba ta wanke ta. Layi na ɗari da goma sha biyu. Ban san abin da ke cikinsa ba, ko an nuna mini ba zan gane ba. Amma wancan karon na ga wurin na ƙi sa miki yatsa. Yau ga yatsana a kai, na makara, amma ga shi.

Allah ya kiyaye ki a inda idona ba ya kaiwa, ya haɗa ki da masu gaya miki gaskiya, ya sanyaya bakinsu idan ya so, ya ba ki ƙarfin ɗauka idan bai so ba. Ya rufa asirin mutanen da suka amince mana, ya maido mana da ke lafiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce man shanun da ke cikin jakar na goggonki ne, kada ki bari ya kife. Wayata tana aljihun gaba, ko ina cikin komi zan ji ta.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sambo